Zafin Sikila da Damuwar da Ke Tare da Shi: Ina Ya Kamata Ka Fara Zuba Kuɗinka da Ƙarfinka?

Duk gidan da ke da mai sikila ya san yadda masu ba da shawara suke yin yawa. Gwaggo ta ce akwai mai sassaƙe a ƙauyensu da ya warkar da ɗan wance. Maƙwabci ya ce kemis ɗin bakin layi yana da wata allura, ana yi ciwo yake kwantawa. Likita ya rubuta ƙwayar da za a riƙa sha kullum, ya ce a dawo gwajin jini. Wani ɗan uwa kuma ya turo bidiyon dashen ɓargo a Indiya. Aljihun kuwa ɗaya ne, jikin ma ya gaji. Wanda ya tsaya a tsakiyar waɗannan muryoyi, ko shi ne mai ciwon ko uwa ce ko uba mai ɗawainiya da shi, da shi nake magana.

Masu wannan lalura ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai ta, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya amma ba shi da ciwon. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce mai laushi, tana kwana 120 tana aiki. Ta mai SS, wato mai sikila, kuwa da zarar iska ta yi mata ƙaranci ko ruwa ya ragu a jiki sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Toshewar ce azabar da ake ji a ƙashi. Mutuwar da wuri ita ke kawo ƙarancin jini da idon da ke yin ruwan ɗorawa.

Nauyi uku mai sikila yake ɗauke da su. Akwai ciwon da ke tashi farat ɗaya ya kwantar da mutum. Akwai na kullum mai cin rai a hankali, irin na ƙugun da kan ƙashinsa ya fara lalacewa ko gyambon idon sawu da ya ƙi rufewa. Sai na ukun da ba a cika faɗa ba: fargabar yaushe zai sake tashi, kunyar yawan neman kuɗin magani, jarrabawar da aka rasa, neman auren da ya watse bayan gwaji. Damuwar nan da kanta tana tayar da ciwo, ciwon kuma ya ƙara damuwa.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi

Na farko kuɗi, amma ba na yau kaɗai ba. A haɗa da kuɗin mota, na gwaji, da yinin da uwa ta rufe sana'arta tana zaune a asibiti. Na biyu ɗorewa: sauƙin na awa huɗu ne, na wata ne, ko na shekaru? Na uku sauƙin samu da sauƙin bi. Na huɗu haɗari, musamman wanda ba ya bayyana sai bayan shekara biyar. Na ƙara da na biyar: shin hanyar tana rage nauyin zuciya, ko jiki kaɗai take taɓawa?

Kula da kai a gida

Wannan ce mafi araha, ita ce kuma aka fi rainawa. Ruwa lita uku zuwa huɗu a yini ga babba, wato ledar fiya wata shida zuwa takwas. Folik asid kullum. Gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi irin su Paludrine idan likita ya rubuta, domin zazzaɓin cizon sauro na cikin manyan masu tayar da ciwo a ƙasarmu. Da hunturu a sa safa da rigar sanyi tun kafin magariba, wanka da ruwan ɗumi, kada a fita alwalar asuba da ruwan da ya kwana a randa. Da damina a guji dukan ruwa. Idan ciwo ya fara alama, tawul mai ɗumi da tausa a hankali suna taimakawa. Ƙanƙara kuwa a nisanta ta, sanyi matse hanyoyin jini yake yi.

Batun azumi yana buƙatar a faɗe shi a fili. A watannin bazara zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana haura maki 40, kuma yini guda babu ruwa a irin wannan yanayi ya sha kai masu sikila gadon asibiti. Aya ta 184 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame. A zauna da likita da malami kafin watan ya kama, kada a bari kunyar mutanen gida ta yanke hukunci.

Kuɗin wannan hanya kaɗan ne, haɗari kusan babu, sai dai tana son naci. Iyakarta kuma a sani: tana rage yawan tashin ciwo, ba ta hana shi. Wanda ya kiyaye komai amma ciwo ya tashi, ba sakacinsa ba ne, kada a ɗora masa laifi.

Maganin kashe zafi, daga ƙwaya zuwa allura

Ba a raba mai sikila da maganin zafi, kuma babu abin kunya a cikin shan sa. Farasitamol shi ne matakin farko, babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu 500 a cikin yini da dare, don hanta. Ibufurofen da dikulofinak sun fi shi ƙarfi a ciwon ƙashi, amma na 'yan kwanaki ne, a kan abinci. Wanda ya mayar da su abin kullum yana kiran olsa, yana kuma gajiyar da ƙodar da dama can sikila take taɓawa. Mutane da yawa suna haɗiyar dikulofinak safe da yamma shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa ce musu su gwada ƙoda.

Idan ciwo ya yi tsanani, wurinsa asibiti ne: ƙarin ruwa, magani mai ƙarfi irin su mofin a ƙarƙashin kulawa, da binciken abin da ya tayar da shi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce a ba mai sikila maganin zafi cikin awa ɗaya da isowarsa. A wurare da yawa a nan ba haka ake yi ba. Mutum yana murƙususu a kan benci ana kallonsa da zargin ɗan ƙwaya ne. Wannan wulaƙanci shi ke kora mutane zuwa kemis, kuma a nan ne babban ramin yake.

Allurar fenta, wato pentazosin, maganin zafi mai ƙarfi da ake yi wa mutane a kemis, ba ta da tsada, tana nan kusa, cikin mintuna kaɗan take sanyaya jiki. Da farko sai ciwo ya tashi ake zuwa. Daga baya a saya a ajiye a gida saboda dare. Sai mutum ya koyi yi wa kansa. Wata rana ya wayi gari ba ciwon ƙashi ke sa shi neman ta ba, rashin ta ne ke hana shi sukuni. Duba cinyar wanda ya daɗe a kanta: fata ta yi baƙi, nama ya ƙandare kamar itace, ga ramukan gyambo a jere, wani gwiwar ma ba ta lanƙwasuwa. Kuɗin da ake ganin an rage a farko yana dawowa ninki a wankin gyambo da sayen allurar kullum. Tiramadol na kasuwa da ruwan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, hanyarsu ɗaya ce.

Ba ina cewa mai sikila ya daure azaba ba ne. Ina cewa magani mai ƙarfi ya fito daga hannun likita guda da ya san ka, da tsari a rubuce: me za ka sha a gida, har zuwa yaushe, da lokacin da za ka taho asibiti. Riƙe takardar nan a jaka. Ranar da ka faɗa hannun ma'aikacin da bai san ka ba, ita za ta yi maka magana.

Haidiroksiyuriya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi cancantar kuɗin wata-wata, wannan zan nuna. Ba maganin kashe zafi ba ne, shan sa ranar da ciwo ya tashi ba ya yin komai. Aikinsa shi ne ya sa ɓargo ya ƙara yin irin jinin da jariri yake zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa jariri mai SS yakan yi watanninsa na farko lafiya lau. Babban binciken da aka fitar a Amurka a 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, ya kuma rage ciwon ƙirji da buƙatar ƙarin jini. An amince da shi a can a 1998.

An daɗe ana tambayar ko zai yi wa yaran Afirka aiki, inda ake fama da sauro da ƙarancin abinci. An gwada a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ciwo ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu. A nan gida kuma likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt, sun nuna ko da ƙaramin awo yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Wato a kan 'ya'yanmu aka gwada shi, ba labarin wata ƙasa ba ne. Ana ma yin sa a Najeriya da sunan Oxyurea.

Da nauyin jiki ake auna shi, don haka na babba ya fi na yaro tsada, kuma kuɗi ne na kowane wata da ba ya yankewa. Ga kuɗin gwajin jini, a kai a kai da farko, daga baya duk bayan wata biyu ko uku, domin yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Amma a ɗauki biro a lissafa abin da kwanciya biyu ko uku a asibiti take ci a shekara, da ledar jini, da abincin mai jinya. Gidaje da yawa za su ga maganin ne ya fi araha. Wanda yake da inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha ya tambaya ko yana ciki.

Matsalarsa ta gaskiya ita ce haƙuri. Sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin bambanci, kuma da yawa suna ajiye shi a wata na biyu su ce bai karɓe su ba. Wasu kuma suna karanta takardar cikin kwalin su ga ana ba masu ciwon daji, su tsorata. Gaskiya ne ana ba su, amma fiye da shekara 25 ke nan masu sikila suna shan sa. Farce yakan yi duhu. Yana iya rage ƙwayoyin haihuwa na namiji, mace mai ciki ko mai neman ciki kuma dole ta zauna da likita tukuna. Kada a saye shi a kemis a fara sha babu gwaji.

Gargajiya da addu'a

Waɗannan biyu ana yawan haɗa su, ni kuwa raba su nake yi. Addu'a da zikiri da karatun Alƙur'ani, ko addu'ar coci ga ɗan uwa Kirista, ba sa cin kuɗi, ba sa cutarwa, kuma suna riƙe zuciya a tsakar dare lokacin da kowa ya yi barci. Ba sa karo da magani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni ya yi da a nemi magani. Abin gudu shi ne wanda zai ce jifa ne ko aljani, a ajiye maganin asibiti a kawo rago.

Jiƙo da sassaƙe kuwa ba a san awonsu ba, wasu suna sa gudawa ko amai, ruwan jiki ya ƙare, ciwon da ake gudu ya tashi. Tsaga da ƙaho ga mai ƙarancin jini ganganci ne. Haka ma maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe: wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfen ya riga ya yi masa yawa. Ba wai babu alheri a itatuwanmu ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, gwaji kuma ya nuna yana rage tashin ciwo, ko da yake hujjarsa ba ta kai ta haidiroksiyuriya ba. Shi Niprisan an auna shi a ɗakin gwaji. Duk mai cewa zai mayar da SS ya koma AA da garin magani, kuɗinka yake so.

Kula da zuciya

Nan ne muka fi yin sakaci. Yaro ya ce ya gaji da rayuwa, a ce masa ya yi istigfari. Budurwa ta daina fita, ta daina cin abinci, a ce miskilanci ne. Haƙuri ibada ne, amma "yi haƙuri" ba ta isa ta zama amsar komai ba. Idan mutum ya yi mako biyu cikin ƙunci, barci ya ƙaurace, abin da yake so a da ya fita ransa, wannan ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba.

Mataki mafi sauƙi shi ne zama da masu irin lalurarka. A ranar asibitin sikila ake haɗuwa da su, da taron 19 ga Yuni na ranar sikila ta duniya, da rukunonin WhatsApp. Wanda ya taɓa kwana yana cizon matashi don kada kukansa ya tashi mutanen gida ba ya buƙatar dogon bayani. Sai dai a yi hattara, a irin waɗannan rukunoni ne kuma ake tallan magungunan bogi da koya wa juna allura.

Mataki na gaba likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. Zuwa Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko asibitin Maiduguri, ba shaidar hauka ba ce. Manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ana koya wa mutum yadda zai tare tunanin "shi ke nan na mutu" idan ciwo ya fara, yadda zai ja numfashi a hankali ya saki jiki, da yadda zai raba aikinsa don kada ranar da ya ji daɗi ya yi na kwana uku ya kwanta mako. Wasu magungunan damuwa, irin su amitiriftilin, suna rage ciwon kullum ma. Kuɗin na kati ne da mota, abin da aka koya kuma ya zama naka har abada.

Akwai wani abu da bai wuce kuɗin ƙaramin littafi ba. Rubuta ranar da ciwo ya tashi, a wace gaɓa, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, da abin da ya faru kafin nan. Bayan wata uku za ka fara ganin zaren: daren da ba a yi barci ba, makon jarrabawa, kwanakin al'ada, rigimar gida. Abin da aka san mafarinsa ba ya firgitarwa kamar wanda yake faɗowa daga sama.

Ƙarin jini a kai a kai da dashen ɓargo

Ƙarin jini na tsari na masu babban haɗari ne, kamar yaron da ya taɓa shanyewa ko wasu masu juna biyu. Yana aiki, amma yana tara ƙarfe a jiki, samun jinin da ya dace kuma yana ƙara wuya.

Dashen ɓargo shi ne ke iya raba mutum da ciwon gaba ɗaya. An fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, na Legas ya fara a 2024. Ga yaron da ya samu ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, fiye da 9 cikin 10 suna warkewa, amma damar dacewar 1 cikin 4 ce ga kowane ɗan uwa. Kuɗin miliyoyi ne masu yawa, akwai haɗarin rashin haihuwa, da na sabon ɓargo ya yaƙi jiki, har da na rasa rai. Maganin gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, da aka amince da shi a ƙarshen 2023, dala miliyan 2.2 ne a Amurka.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Rage damuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Kula a gida | Kaɗan | Muddin ana yi | Sai naci | Kusan babu | Kaɗan |
| Ƙwayar zafi | Kaɗan | Awa 4 zuwa 8 | Ko'ina | Olsa, ƙoda, hanta | A'a |
| Allurar kemis | Araha yau, tsada gobe | 'Yan awoyi | Kusa | Kamu, gyambo | Ƙarawa take yi |
| Haidiroksiyuriya | Matsakaici, duk wata | Shekaru | Sai da gwaji | Kaɗan in ana bibiya | Sosai, a hankali |
| Jiƙo da sassaƙe | Ba iyaka | Ba tabbas | Kusa | Gudawa, ƙoda, jinkiri | Na ɗan lokaci |
| Addu'a da zama da 'yan uwa | Babu | Mai ɗorewa | Mai sauƙi | Shawarar bogi | Sosai |
| Likitan ƙwaƙwalwa | Matsakaici | Mai ɗorewa | Sai birni | Kaɗan | Sosai |
| Dashen ɓargo | Miliyoyi | Har abada in ya karɓa | Da wuya | Babba | Bayan doguwar wahala |

Wasu alamomi babu zaɓi a cikinsu, asibiti ne kai tsaye ko da tsakar dare: zazzaɓin da ya kai maki 38.5, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, cikin yaro ya kumbura tafin hannunsa ya yi fari fat, miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya, ko maganar kashe kai.

Wa ya dace da me

Idan ciwonka bai wuce sau ɗaya a shekara ba, kula a gida da farasitamol da zuwa asibitin sikila a kan lokaci za su riƙe ka, amma ka tambayi likita batun haidiroksiyuriya, domin sikila tana ɓarna a ƙoda da ido ko ba a jin zafi.

Idan kana kwanciya sau uku ko fiye a shekara, ko ka taɓa yin ciwon ƙirji, kuɗin farko na haidiroksiyuriya ne da gwajinsa. Sauran su biyo baya.

Uwar ƙaramin yaro: tun yana wata 9 ana iya fara masa maganin. Daga shekara 2 zuwa 16 a nemi hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD sau ɗaya a shekara, shi ke nuna haɗarin shanyewa tun kafin ta zo. Mutanen Nijar akwai cibiyar sikila ta ƙasa a Yamai. Ke ma ki samu wadda za ta karɓe ki jinya ko da kwana ɗaya ne, ki yi barci.

Mai ciwon ƙugu ko gyambo na kullum, ƙara yawan ƙwaya ba zai fisshe shi ba. Likitan ƙashi yake buƙata, da masu gashin ƙashi, da koyon zama da ciwo a wurin masanin halayya.

Mai hali da ke tunanin dashe ya fara gwada 'yan uwan yaron kafin ya sayar da fili, kuma ya ci gaba da maganin kullum yayin da ake jira.

Wanda allura ta riga ta kama kuwa, kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai, jiki zai yi bore ya koma da ƙarfi. Ya faɗa wa likitan jininsa gaskiyar adadin da yake yi a yini, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, a riƙa ragewa a hankali ana kula da ainihin ciwon. Mutanen gida kuma su raka shi asibitin, gori da ɓoye kuɗi ba su taɓa raba kowa da ita ba.